Tsamin Tanki na Bakwai

Injin Raino yana ta gurnani a gindin Hasumiyar Shinkafa, yana dama ruwan da zai shayar da saiwoyin gonaki hawa tamanin. Rabin Sabuwar Gashuwa daga nan take ci. A allonsa ma'aunin tsami ya nuna pH shida, daidai yadda shinkafa ke so.

Dakta Furera Maina, mai kula da sinadaran hasumiyar, ta kasa ɗauke ido daga wani ƙaramin allo na gefe. Shi wannan yana ƙirga ƙwayoyin gilaisin, amino asid ɗin da ake ciyar da saiwoyin da shi. Gilaisin kamar hawainiya yake. Idan ruwa ya yi tsami sai ya ɗauki cajin lantarki na ƙari, idan tsamin ya lafa sai cajinsa ya daidaita. Ta ga duk ƙwaya goma masu daidaito akwai ɗaya mai cajin ƙari.

Ta san a pH biyu da ɗigo uku ne kashi biyun ke yin kunnen doki, kuma duk lokacin da masu daidaito suka ninka masu caji sau goma, pH ya hau mataki ɗaya. Ke nan ruwan tanki na bakwai pH uku da ɗigo uku yake, ba shida ba: tsaminsa ya wuce kima. Zai ƙone saiwoyin kafin la'asar.

Ta kira shugaban hasumiyar, Injiniya Bukar Zanna.

"Ranka ya daɗe, a rufe tanki na bakwai. Ma'aunin ya toshe."

"Dakta, allo fa ya ce shida."

"Tun da muka ninka aikin injin ba a tsayar da shi an wanke ma'aunin ba. Su ƙwayoyin kuwa ba su san ƙarya ba."

Bukar ne ya yi wa gari alkawarin girbi biyar a shekara.

"To, rufe," ya ce a hankali.

Ruwan ya riga ya kai hawa shida na ƙasa, kuma shinkafarsu ta tafi. Furera ta sa aka narka kanwa ana zubawa kaɗan-kaɗan, tana bin ƙirgen, har masu cajin ƙari suka kusa ɓacewa. Sauran hawa saba'in da huɗu suka tsira.

Da yamma Bukar ya tsaya cikin gonar da ta ƙone, yana murza busasshen ganye.

"Wa ya ce sai mun yi biyar?" ya tambaya.

"Mu muka ce, ranka ya daɗe."

A wannan shekarar girbi huɗu aka yi, kuma babu gidan da ya kwana da yunwa.