Kyanwar Kaka

A wani gari can da, an yi wata yarinya mai suna Yalwa. Tun ranar da kakarta ta rasu, kyanwar tsohuwar ta shige ɗakin marigayiyar mai duhu, ta maƙale bayan tukwane, ta ƙi fita, ta ƙi ci. Yalwa kuwa ba abin da ya rage mata na Kaka sai kyanwar nan.

Ta kunna fitilar ƙwai, ta ƙure lagwani, ta shiga tana kira, "Fito mana, ni ce!" Kyanwa ta ƙara ƙulewa. Kashegari ta koma da fitila biyu. Kyanwa ta ƙara ƙulewa.

Yalwa ta fito tana kuka. Goggonta na tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke, ranar makoki da mutane suka cika ki da kallo, ina kika gudu?"

"Bayan rumbu, Goggo."

"To, ita ma makoki take yi."

Yalwa ta ɗauko aci-balbal ɗin Kaka, ta koma ɗakin, ta kunna, ta rage wutar, ta kare ta da ƙwarya har haske ya kwanta a bango. Ta ajiye ɗan nono a kasko, ta zauna a tabarmar Kaka, ta juya baya. Ba ta kira ba, ba ta leƙa ba.

Can sai ta ji ana lasar nono. Zuciyarta ta ce ta waiga, ta ƙi. Da jimawa kyanwa ta hau cinyarta, duk ta rame, ta kwanta. Yalwa ta sunkuya a hankali. Har yanzu jikin kyanwar da ƙanshin turaren Kaka.