Tsawon Darbejiyar Kan Iyaka

Gara in faɗa tun yanzu: sau biyu na zauna jarrabawar lissafi, sau biyu tana kayar da ni. Abin da aka gaya mini kawai nake rubutawa.

"Kada in ƙara ganin yaron nan a ƙofar gidana!" in ji Baba Ɗan Iya.

'Yarsa Halima Sa'adiya ta ƙanƙame littafinta na tsofaffin tambayoyi. Saura sati uku jarrabawa. Uwais ne ke koya mata lissafi kullum bayan la'asar, shi ne kuma zuciyarta ta zaɓa.

"Baba, me ya yi?"

"Ki tambayi ubansa!"

Rigimar duk a kan darbejiyar da ke iyakar gonakinsu ce. Baba Ɗan Iya yana so a sare ta, inuwarta ta hana gyaɗarsa yin kirki. Malam Sha'aban, mahaifin Uwais, ya rantse a kan rumbunsa za ta faɗo. Asama'u kuwa, 'yar maƙwabta da ta daɗe da sa ido a kan Uwais, ita ke kai wa kowane gida maganar ɗayan, da ɗan ƙari.

Halima ta kira Uwais a waya.

"Masoyi, tambaya ta tara ta gagare ni... tsawon turke da inuwarsa."

"Haba rabin raina! Tan 45 nawa ne?"

"Ɗaya."

"To in rana ta kai wannan kusurwar, inuwar abu daidai take da tsawonsa."

Nan take darbejiyar ta faɗo wa Halima a rai.

"Kuka kike yi?" Uwais ya tambaya.

"A'a... lissafi nake."

Washegari da hantsi ta kafa kara a gona, ta jira har inuwarsa ta yi daidai da shi. Ta roƙi dattawan biyu suka zo, kowa ya kau da kai. Uwais ya riƙe mata bakin igiyar guga.

"Inuwar bishiya gaba goma sha ɗaya, tsawonta ke nan. Daga gindinta zuwa rumbu gaba goma sha huɗu. Baba Malam, ba za ta kai ba."

"In ta kai fa, 'yar nan?"

Halima ta dubi Malam Sha'aban ido cikin ido.

"Na haƙura da ɗanka."

"Ke! Da izinin wa?" Uwais ya zabura.

Dariya ta kuɓuce wa Ɗan Iya, ya mayar da ita tari.

Aka kira masu gatari. Halima ta rufe ido har ta ji ƙasa ta girgiza.

Rumbu na nan, ko yayinsa bai motsa ba.

"Gobe ya dawo ya ƙarasa mata karatun," in ji Ɗan Iya, yana miƙa wa Malam Sha'aban hannu.

Ta ci lissafi da kiredit. Bayan kaka aka ɗaura aure, Asama'u ce ma ta fi kowa guɗa. Har yau a Makoda ana ba da labarin yarinyar da ta auna bishiya ba ta hau ba.

Darbejiyar dai gabas ta faɗi. Rumbun yana yamma.