Ranar da Baba Ya Kashe Sauti

"Kurma?!"

Baba Yamusa ya dire kofin kunu har sai da ya fantsama a kan tabarma.

"Kurma fa kika ce, Christina?"

"Sunansa Enoch, Baba."

"Ban tambaye ki sunansa ba! Daga nan Sheda har Abaji babu gidan da ba a sauraron muryarki a fim. Ita za ki ɗauka ki kai gidan da ba za a taɓa jin ta ba?"

Mama ta ce, "Maigida, a hankali mana..."

"Au! Ke ma da saninki ke nan?"

Christina ba ta sunkuyar da kai ba. Tun tana firamare malamai suka gaji da cewa ta sauke ido, bare yanzu da digirinta.

"Baba, ba rashin kunya na zo yi ba. Shi nake so. Duk tsawon lokacin da za ka ɗauka kana tunani, zan jira."

"To ki jira!"

Ta kuwa jira.

Aikinta ɗora murya ne. A wani ɗan situdiyo da ke Kado, na Oga Dominic, take sa matan finafinan Turkiyya da na Indiya su yi Hausa. A shagon tura fim da ke bakin kasuwar kifi ta fara ganin Enoch, da akwatin gyaran firji a hannunsa, yana ce wa mai shago, "A ba ni mai rubutu a ƙasan hoto. Ban da mai fassara."

Ranta ya ɓaci. Daga bayansa ta ce, "Malam, me fassarar ta yi maka?"

Bai juyo ba.

"Da kai nake fa!"

Ko gezau.

Ta zagayo gabansa a fusace. Ya dubi bakinta, ya yi murmushi.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, sake faɗa a hankali in karanta leɓenki. Sanƙarau ya tafi da kunnuwana tun ina yaro. Amma daga ganin girarki, faɗa kike yi mini."

Da ƙasa za ta tsage a ranar, da Christina ta shige.

Daga nan musu ya zama abincinsu.

"Fim ai hutu ne. Wa zai zauna yana karatu kamar mai jarrabawa?"

"Ku kuma ku sa Baturkiya ta ce tana marmarin tuwon dawa."

"Ta yi mana! Me ya fi tuwo?"

"Ki ci gaba da masifa, zuciyata. In kina yi, hancinki har rawa yake."

"Enoch!"

Wata rana ta same shi ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika, fim ɗinta yana tafiya. Ya lumshe ido ya ce, "Nan ke ce, ko? Ina jin ki a hannuna."

Mutane da yawa sun yabi muryarta. Babu wanda ya taɓa sa ta kuka sai shi.

Damina ta zo ta wuce, aka haƙe doya, Baba bai sauko ba. In ta gaishe shi, ya amsa wa bango. A coci mata na taɓa juna in ta shigo: "Duk karatun nan, ta ƙare a kurma mai gyaran firji." Ita kuwa sai ta ƙara ɗaga ɗaurin ɗankwalinta, ta wuce layin gaba ta zauna. Ranar Asabar kuma tana ajin maganar hannu, har yatsunta suka fi bakinta sauri.

Oga Dominic ya daɗe yana son ta, ta kuma daɗe da ce masa a'a. Sai ya canza hanya. Ya gano Baba mayen fim ne, ya dinga zuwa Sheda da filash cike da finafinai da ledar busasshen kifi.

"Baba, ni fa Tina kamar ƙanwata ce, amma abeg, wannan zaɓin nata..."

Wata Talata ya miƙa mata takarda a situdiyo.

"Kwamfutar hoto ta samu matsala. Ki karanta layukan nan kawai, da kuka sosai, ni zan haɗa daga baya."

An saba yin haka in aiki ya matse. Ta karanta, ta yi kukan, ta manta.

Ran Lahadi bayan an taso coci Baba ya yi mata magana, karo na farko cikin watanni.

"Dominic ya kawo fim, ya ce akwai darasi a ciki. Ki zo ki gani."

Ta zo. Amma ba ita kaɗai ba.

Enoch ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba. Baba ya kawar da kai. Mama ce ta tura masa kujera da ƙafa, tana yi kamar ba ita ba. Dominic kuwa yana gefen Baba, yana ta murza zobensa.

Aka kunna.

Kallon fim da Baba sai mai haƙuri. Ba a yi nisa ba ya fara.

"Wannan mai gashin bakin munafuki ne, ku sa ido!"

"Maigida, likita ne fa."

"Likitan ba ya munafunci? Dubi takalminsa!"

Labarin wata budurwa ne da ta bijire wa mahaifinta ta auri wani gurgu mai dogara sanda. Can a ƙasan hoton, ƙananan haruffan Turanci na wucewa, waɗanda suka zo manne da fim ɗin tun asali. Babu mai kula su a gidan. Enoch kaɗai.

Aka zo ƙarshe. Budurwar ta dawo gidan mahaifinta, ta zube a gabansa tana hawaye. Sai muryar Christina ta cika falon:

"Baba, ka yafe mini! Na yi nadama... Auren nan wuta ya zame mini. Duk 'yar da ta ƙi jin maganar uba, ga ƙarshenta!"

Nan take Christina ta gane su. Layukan ranar Talata! Ta dubi Dominic, ya ɗauke ido. Baba kuwa tuni ya bar kallon talabijin, ya juyo gaba ɗaya yana nuna ta da yatsa.

"Kin ji? Da bakinki! Ba ni na faɗa ba!"

Hawaye suka cika idonta, ta hana su zuba.

Sai aka ji tafi.

Enoch ne. Fuskarsa fal murna, idonsa a kan talabijin.

"Kai, ƙarshen nan ya yi daɗi!" in ji shi.



Baba ya miƙe. "Daɗi? Yarinya na kukan nadama kana tafi? A gidana?"

Christina ta taɓa kafaɗar Enoch, da maganar hannu ta gaya masa abin da aka ji. Murmushinsa ya ɗauke. Ya dubi Dominic, ya daɗe, sannan ya dubi Baba.

"Baba, ba haka rubutun ya ce ba."

"Ni ban iya Turanci ba. Wa zan gaskata, kunnena ko bakinka?"

"Rubutun nan kwamfuta ke yin shi, Baba," Dominic ya yi caraf. "Duk shirme ne."

"Kada ka gaskata ni, Baba," in ji Enoch a natse. "Kada ka gaskata rubutun ma. A rufe shi. A kashe sautin. Mu kalla tare, ni da kai, da ido kawai."

Kafin Baba ya buɗe baki, Mama ta warware ɗankwalinta ta kare ƙasan talabijin da shi, ta riƙe gefe da gefe.

"Bismilla," ta ce. "Hannuna ba zai daɗe ba."

Baba ya yi tsaki, ya fizgi rimot, ya mayar da fim ɗin baya da kansa, ya kashe sauti.

Shiru.

Budurwar ta shigo. Ta zube. Hawaye na zuba, amma...

"Tsaya," Baba ya ce a hankali. "Dariya take yi?"



Budurwar ta kamo hannun tsohon, ta ɗora a kan cikinta. Tsohon ya zaro ido, leɓensa na rawa. Can a bakin ƙofa ga gurgun tsaye da sandarsa, yana murza hula a hannu. Tsohon ya ɗaga ɗaya hannun, ya yafito shi.

"Ciki ne da ita!" Baba ya buga cinya. "Jika ta kawo masa! Wace nadama? Yarinyar nan har ƙiba ta yi!"

Ya juyo.

"Dominic!"

Dominic na neman takalminsa ɗaya a bakin ƙofa.

"Baba, fassara ai... wani lokaci mukan gyara don tarbiyya..."

"Ni za ka gyara? Da muryar 'yata?"

Christina ta miƙe tsaye, ta share idonta.

"Oga, daga yau muryata ta bar situdiyonka. Ka nemi mai yi maka kuka."

"Kifin ya zauna," in ji Mama. "Shi bai yi laifi ba."

Bayan ƙarar mashin ɗin Dominic ta ɓace, Baba ya koma ya zauna.  Sannan ya jawo kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa ta Enoch, ya saita fuskarsa da tasa, ya yi magana dalla-dalla.

"Kullum haka duniyarka take?"

"Kullum, Baba."

"Ba ka kewa?"

"Ina yi. Amma ina ganin abubuwa da yawa."

"To in jariri ya yi kuka fa?"

"Fuskarsa za ta gaya mini tun kukan bai fito ba. In ina barci kuma, 'yarka ba ta da sanyin hannu, za ta tashe ni da duka."

Mama ta tuntsire da dariya. Baba ya so ya daure, gashin bakinsa ya ci amanarsa.

"Ka san halinta ke nan."

"Na sani, Baba. Shi nake so."



"Ke," Baba ya ce ba tare da ya kalli Christina ba. "Zo nan. Yaya ake cewa 'na ba ka' da wannan yaren naku na hannu?"

"Baba..."

"Ki nuna mini kafin in canza ra'ayi!"

Ta durƙusa a gabansa. Ta kama hannayen nan nasa da fartanya ta sa suka yi kanta, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kai su ƙirjinsa, sannan ta miƙa su wajen Enoch. Hawayen da ta hana zuba wata da watanni suka sauko, tana dariya.

Baba ya janye hannunsa.

"Sakar ni, in yi da kaina."

Ya yi. A karkace, a hankali, yatsa ɗaya ya ƙi lanƙwasuwa.

Enoch ya sa hannu biyu ya karɓa.