Tekun da Kellu ta Haɗa

"Ni fa ban ce kada ka tafi ba, Ya Umara... Cewa na yi ka dubi halin da nake ciki!"

"To mene ne bambancin, Kellu? Gaya mini, mene ne bambancin?"

Takardar tana hannunsa, ya ninke ta ya buɗe ya sake ninkewa har ta fara yagewa a tsakiya. Daga Ikko, wato Legas, ta zo, daga kamfanin jiragen ruwan da ya yi wa aikin inji shekara bakwai kafin ya dawo Potiskum ya aure ta. Suna son ya koma bakin aikinsa kafin ƙarshen wata. Har ɗaki suka ce za su ba shi, shi da iyalinsa.

Ya sassauta murya. "Mu tafi tare, Kelluna. Ki ga teku da idonki."

"Baba fa?"

Kullum a nan maganar take tsayawa.

Mallam Gana, mahaifinta, yana kwance a ɗakin da ke jikin zaure, shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, uwarta Ya Kaka ta riga mu gidan gaskiya. Tsohon kuwa ga taurin kai, ko koko ba ya karɓa sai daga hannunta. Kuma ya riga ya faɗa, a unguwar Yerimaram aka haife shi, a nan za a binne shi kusa da matarsa. Wa zai ɗora wannan bawan Allah a bayan babbar mota, tafiyar kwana biyu?

"Ba zan iya barinsa ba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kai ma kuma ba zan iya rabuwa da kai ba... To ya kake so in yi da raina?"

Umara ya sa takardar a aljihu, ya ɗauki hularsa ya fita. Ko tuwon da ta ajiye masa bai buɗe ba.

Allah ya sani ba mugun miji ba ne. Shi ke juya Baba, shi ke yi masa aski ranar Juma'a. Amma tun da ya dawo yake gyaran manyan motoci a tasha, sai ramewa yake yi kamar mai ciwon ɓoye. Dariyarsa ma ta ƙaura. In ka ga fuskarsa ta washe, to hirar teku yake yi. Ya sha ba ta labarin wani gari a ƙasar Turawa, inda ya ga akwatin gilashi ƙato cike da ruwan teku, kifaye na yawo ciki masu launi kamar atamfa.

"Har da murjani a ciki," ya taɓa ce mata. "Murjanin nan da kuke sawa a wuya, ai a ƙarƙashin teku yake tsirowa, kamar itace."

"Ruwan fa, yaya yake?"

"Gishiri ne zalla. Ko kurɓa ɗaya ba ki iya haɗiyewa."

Wannan hirar ce ta faɗo mata tana zaune gaban tuwon da ya huce. Ta share hawaye da bakin zane, ta miƙe.

Washegari da hantsi, bayan ta ba Baba koko, ta yafa gyale ta nufi bakin kasuwa wurin Kawu Bakari, ƙanen mahaifiyarta. Shi ne mai gilashi, shi ke sa wa mutane tagogi, shi ke yi wa masu burodi akwatunan da suke jera kayansu.

"Kawu, akwati nake so ka yi mini. Na gilashi, babba."

"A'a, 'yar Ya Kaka, burodi za ki fara sayarwa?"

"Ruwa zan zuba."

Ya ajiye abin yankan da ke hannunsa. "Ruwa? Randunan garin nan sun ƙare ne?"

"Tsawonsa kamu huɗu, tsayinsa ya kawo mini ƙugu in an ɗora a benci. Kifi zan sa a ciki."

"Kifi! Mai rai?" Ya kama haɓa. "Ke Kellu, lafiyarki kuwa? Mu dai mun san kifi a miya, mun san shi a banda. Kifin kallo kuma a Potiskum?"

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta. Nan ta durƙusa tsakanin fasassun gilasai ta kwashe labari duka ta gaya masa, takardar Ikko, ƙarshen wata, tuwon da ba a buɗe ba.

"Tunda ba zan iya bin sa teku ba, Kawu, ni zan kawo masa tekun gida. In ya dawo daga tasha ya zauna ya kalla... ko zuciyarsa za ta kwanta."

Kawu Bakari dattijo ne mai yawan barkwanci, amma ranar bai ƙara ko ɗaya ba.

"Gilashin taga ba zai ɗauki nauyin ruwan nan ba, tarwatsewa zai yi. Sai na aika Jos an kawo mai kauri. Mai walda ya haɗa mana ƙarfe, in toshe gefe-gefen da kwalta. Ban taɓa yi ba fa, kada ki ce ban gaya miki ba."

"Kafin ƙarshen wata, Kawu."

"Tashi ki je gida. Allah ya dafa mana."

Kwana goma sha shida aikin ya ci. Gwajin farko ruwa ya tsiyaye ta gindi ya jiƙa masa shago kaf, ya yi ta mita yana cewa da tsufansa an mai da shi masunci. Na biyu gilashi ɗaya ya tsage. Na uku ya riƙe. Duk wannan Umara bai sani ba. A gida kuwa maganar tafiya ta zama kamar gyambo, kowa na kewaye ta. Sai dai Kellu ta ga ya sauko da tsohuwar jakarsa daga saman kabad ya goge mata ƙura.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare aka kira shi gyaran wata mota da ta mutu a hanyar Damaturu, zai kwana can. Kellu ta ce Alhamdulillahi. Ƙarti shida suka turo akwatin a amalanke, aka girke shi a rumfar tsakar gida. 'Yan garuwa suka yi ta safara daga rijiya har ya cika. Matan unguwa kuwa sai leƙe ta katanga, ana ƙus-ƙus, wai matar Umara ta samu taɓin hankali.

Ba ta kula su ba. Ta wanke yashi tas ta shimfiɗa a ƙasa. Ta buɗe adakar mahaifiyarta ta ɗauko murjanin Ya Kaka, jajaye, zubi uku, wanda Kellu ta sa ranar aurenta. Ta naɗe shi a jikin wani dutse ta saukar a hankali cikin ruwan. Kai, ya yi kyau! Har ta ji a ranta ko zai tsira.

Sannan ta ɗauko kantun gishirin Bilma guda biyu, ta farfasa ta daka a turmi. Tana zubawa tana juyawa da muciya tana ɗanɗanawa. Ya ce ko kurɓa ɗaya ba a iya haɗiyewa, ita kuwa ba ta son a ce tekun mijinta ya yi lami. Sai da ta kurɓa ta furzar ba shiri, sannan ta ce yauwa.

Da safe wani masunci da Kawu ya yi wa magana ya iso daga Gashuwa da garwa biyu, 'yan ƙarfasa da ƙananan tarwaɗa suna ta wutsil-wutsil. Ya juye mata su a baho ya tafi, bai ko ga akwatin ba. Da ya gani, da wataƙila ya yi magana. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ɗaya bayan ɗaya ta saka su da hannunta, tana bisimilla.

Da farko suka yi ta zagaye da gudu, ta tafa hannu don murna, ta ɗauka wasa suke. Ta ruga ɗakin Baba.

"Baba, ka ga yadda suke rawa kuwa!"

Kafin ta dawo sun taso sama, suna buɗe baki suna rufewa. Ta barbaɗa musu dusa, ba wanda ya kula. Ta ce ko zafi ne, ta rataya tabarma ta tare rana. Ta ce ko gishirin ne bai ji ba, Allah sarki, ta ƙara tafi biyu. Wajen azahar na farko ya juya cikinsa sama.

"A'a... a'a, don Allah! Ku yi haƙuri ya dawo ya gan ku... ko sau ɗaya!"

Wa zai ji ta? Ta zauna a ƙasa ta manna goshi a gilashin, tana kallonsu suna ƙarewa ɗaya-ɗaya.

A haka Umara ya same ta bayan la'asar, rigarsa duk baƙin mai. Ya yi sallama ba a amsa ba. Ya tsaya cik a bakin rumfa, ya dubi akwatin, ya dubi fararen cikunan da ke yawo a sama, ya dubi turmi da ragowar gishiri. Ya tsoma yatsa ya lasa.

"Kellu... me kika yi?"

"Teku na haɗa maka." Ba ta ɗago ba. "Ka ce gishiri ne zalla."

"Wannan ai kifin kogi ne, ba ya rayuwa a ruwan gishiri. Na teku daban ne, shi ma kuma..." Sai idonsa ya sauka kan jan abin da ke ƙasan ruwan. "Murjanin Ya Kaka ne wancan?"

Ta gyaɗa kai.

Ya zube a gabanta ya kama hannuwanta, gishiri duk ya tsattsaga su. Namiji guda, sai ga hawaye shaɓe-shaɓe.

"Saboda ni? Duk saboda ni, Kelluna? Wallahi na fasa! Ba inda za ni. Yanzun nan zan yaga takardar, su nemi wani!"

Wannan ita ce maganar da ta yi kwana ashirin tana roƙon Allah ta ji. Ga ta ta zo, amma ko kaɗan ba ta yi mata daɗi ba. Ya sa hannu a aljihu, ta riƙe hannun.

"Kada ka yaga."

"Kellu?"

"Tun safe nake zaune ina kallonsu, Ya Umara. Ba wanda ya dake su. Na ba su abinci, na yi musu inuwa, ina son su har raina... amma suka yi ta buɗe baki har suka mutu a gabana." Ta ɗago ta dube shi sosai. "Shekara guda ke nan haka nake kallonka. Ina gani, ina yi kamar ban gani ba."

"Ni ba kifi ba ne. Zan saba."

"Ba ka saba ba. Dubi wuyanka! Yaushe rabon da ka cinye tuwo? In ka zauna don tausayina, wata rana za ka dube ni ka ji haushina, ni kuwa gara in mutu da in ga wannan ranar."

"To ki bi ni..."

"Ka san ba zan bi ka ba."

Daga ɗaki aka jiyo tarin Baba.

"Jirgi in ya tashi sai ya yi wata takwas, wani lokaci shekara," ya ce a hankali. "Za ki iya?"

"Ba zan iya ba," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Amma ka tafi."

Ranar Asabar da hantsi ya tafi. Ya shiga ya durƙusa gaban Mallam Gana, tsohon ya ɗora masa hannunsa mai lafiya a ka ya sa masa albarka. Kellu ba ta raka shi tasha ba, ta san in ta je sai ta ba da kunya a gaban mutane. A zaure suka yi sallama. Ya ce zai rubuto takarda daga duk tashar da suka tsaya. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya kai ƙofa ya juyo, ta yi maza ta sunkuyar da kai, don in suka haɗa ido za ta ce ya dawo.

Da ƙarar takalminsa ta ɓace, ta wanke fuska, ta dama koko ta shiga wurin Baba. Ta tallafo kansa ta kai masa ludayi baki. Ya kau da kai.

"Ya tafi?" Maganarsa na fita da ƙyar, ta gefen baki.

"Ya tafi, Baba."

"Na ji ku ran nan. Ya ce zai zauna... ke kika ce ya tafi."

"Ni ce."

Hawaye ya gangaro daga idon tsohon ya shige cikin gemunsa.

"Ni na raba ki da mijinki, Kellu. Da Allah ya ɗauke ni bara, da yanzu kina cikin motar nan."

"Baba, kada ka ƙara faɗin haka! Wallahi in ka ƙara..." Ta sake miƙa masa ludayin. "Sha, don Allah. Kai kaɗai ka rage mini in ba abinci a gidan nan."

Ya buɗe baki ya karɓa, su biyun suna kuka.