Koriyar Ƙofar Madam Gana

"Maimaita abin da ka ce, Mutari!"

Balki ta tsaya cak a bakin resto ɗin jami'a, inda ɗalibai ke cin abinci, farantin shinkafa da wake a hannunta.

"Ba ni na ce ba, Balkina. Baba Nomau ne ya ce..."

"Daga bakinka na ji. Maimaita!"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur.

"Ya ce an dakatar da sa ranarmu, har sai an tabbatar da lafiyarki."

"Wace lafiyar?"

"Ta... ta kanki."

Ta ajiye farantin a kan dakali a hankali, don ta san in ya ƙara minti ɗaya a hannunta a farar rigarsa zai ƙare.

Ga yadda aka yi. Da maganar aurensu ta kankama, dangin Mutari na Gaffati suka wakilta ƙanen mahaifinsa, Baba Nomau, ya yi binciken da aka saba yi kafin a haɗa zuri'a. Ya zaga Birni, unguwarsu Balki, lungu-lungu, daga dukawan da ke ɗinka fata da mahaifinta har tsofaffin bakin masallaci, kowa sai yabo. Da ya tsaya nan da an huta. Amma tsohon ya ce yarinyar boko a boko ake saninta, ya hau kabu-kabu har jami'a. Kuma duk ɗaliban da ke cike da wurin, ya rasa wadda zai tambaya sai Zuwaira, 'yar ajinsu Mutari, wadda tun shekarar farko take masa girki yana rabar wa abokai.

Zuwaira ba ta yi ƙarya ba, abin haushin kenan. Benci kawai ta ba shi a wajen mai shayi, ta nuna masa wata koriyar ƙofa, ta ce nan ake kai masu taɓin hankali, ya zuba ido ya gani da kansa. Ya kuwa ga Balki ta shiga ta fito, an jima ta sake shiga.

Ƙofar ta buron Madam Gana ce, wato ofishin matar da jami'a ta ajiye don sauraren damuwar ɗalibai. Balki na cikin masu aikin sa kai da ke nuna wa sababbin zuwa hanya: ga ɗakin magani, ga inda ake neman ɗakin kwana, ga inda ake karɓar tikitin abinci. Duk waɗannan nuni da yatsa ya isa. Koriyar ƙofa ce kaɗai ba mai yarda ya dosa, don tana kallon bencin mai shayi, inda samari ke zaune ba su da aikin da ya wuce ƙirga ƙafar mutane. Sai Balki ta ɓullo da dabararta. In ta ga yarinya ta rame ta daina magana, sai ta kama hannunta, ta ɗaga murya yadda duk benci zai ji:

"Don Allah raka ni wajen Madam!"

Ita ke fara shiga. Mai damuwar ta bi bayanta a matsayin 'yar rakiya, mutuncinta a rufe.

"Na san taimako kike yi," in ji Mutari, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na faɗa wa Baba, ya ce in kawo shaida. Suna ɗaya kawai, masoyiyata. Ki faɗa mini mutum ɗaya da kika raka, in kai shi gabansa, magana ta mutu."

"Ba zan faɗa ba."

"Ko don ni?"

"Ko don kai."

Ya ɗago ya dube ta, kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Kenan... akwai abin da kike ɓoye mini?"

Wannan tambayar ta fi maganar tsohon ciwo. Akwai kuwa abin da take ɓoyewa, kuma da zai san mene ne da kunya ta hana shi barci. Wadda ta fi rakawa ba kowa ba ce illa ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, Husaina, 'yar shekarar farko. Tun da zazzaɓi ya ɗauke 'yar'uwar tagwaicinta Hassana a daminar bara, Husaina ba ta ƙara cin abinci ya zauna mata ba. Ranar da ta fara shiga wajen Madam Gana sai da ta riƙe mayafin Balki ta sa ta rantse, don in labari ya kai Gaffati cewa za a yi karatu ya taɓa mata kai, a maida ita gida, shi ke nan an rufe babin boko.

"Ka san ni tun ina 'yar sakandare a lise, Mutari," ta ce, hawayen takaici na cika mata ido. "Yau kai ne kake neman takardar shaidar hankalina? Je ka tambayi Zuwaira, tun da ita ce likitar gidanku!"

Ta wuce ta bar shi da farantin.

A gida ma ba ta samu sanyi ba. Iya ta dire kwanon da take wankewa ta hau ta da faɗa.

"Na hana ki aikin nan ba ki ji ba! Biyanki ake yi? Kin ɗauki tabon 'ya'yan mutane kin shafa wa kanki, ga shi 'yan ƙauye sun zo har Birni suna cewa 'yata mahaukaciya ce!"

"Iya, amana ce."

"Amanar ce za ta aure ki?"

Balki ta shige ɗaki ta kifa kai a filo. Ba Zuwaira ce ke ƙona mata rai ba, ita an san halinta. Mutanen gari ne, da in ƙafa ta karye su yi layi da kwanon kunu, in zuciya ta karye kuma su koma gefe suna zunɗe.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama fakilte, sashensu na jami'a. Koriyar ƙofa ta zama abin kallo, 'yan matan da ke zuwa duk suka ɗauke ƙafa. Salular Balki kuwa ta sha kira daga Mutari har ta gaji, ba ta ɗaga ko ɗaya ba.

Ranar Talata da hantsi ta iske Husaina a ɗakinta na gidan kwanan ɗalibai, zaune a ƙasa, ta rungume zanen Hassana, ga jarrabawa ta ƙarato ko littafi ba ta buɗe ba.

"Yaya Balki, ni na jawo miki. Bari in faɗa musu kawai..."

"Ki faɗa su kwashe ki su kai Gaffati? Ashe wahalar banza na sha! Yaushe rabonki da abinci?"

Balki ta miƙa mata hannu.

"Tashi. Wajen Madam za mu."

"Akwai mutane a benci..."

"Su cika su tumbatsa!"

Sun kuwa cika. Zuwaira ta ji Baba Nomau ya shigo gari sayar da gyaɗa a Zango, ta aika aka ɗauko shi, ta sa aka kira Mutari, wai ya gani da idonsa a daina cewa sharri take yi. Ga su nan jere, ita tana tsiyaya wa tsohon shayi kamar surukar gidan.

Husaina ta ja ta tsaya. Balki ta san in ta furta maganar nan a gaban tsohon, da hannunta ta binne aurenta. Ta dubi Mutari ido cikin ido, ta damƙe hannun yarinyar, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Husaina, don Allah raka ni wajen Madam!"

"To, Baba, ka ji da kunnenka," in ji Zuwaira tana gyara ɗaurin kallabi.

Baba Nomau ya miƙe yana kaɗa sanda.

"Ke Husaina! Saki hannunta! Har ɗiyarmu take ja cikin haukarta?"

Mutari kuwa hannayen nan biyu yake kallo. Na Balki a tsaye yake ƙyam, na ƙanwarsa ne ke karkarwa, awarwaron da ke mata cif a bara ya zamo har gwiwar hannu. Ya dubi ramin idonta, ya dubi zanen da ta yafa, ya gane na wane ne. Balki ta ga lokacin da fuskarsa ta canza, ta san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tona komai.

Ya taso a hankali ya zo gabansu. Ya zare hannun Husaina daga nata ya riƙe.

"Yau ki huta, Balki," ya ce, sannan ya juya ya buɗe murya har mai shayi ya tsaya da juya cokali. "Husaina, ni za ki raka wajen Madam! Tun da Hassana ta rasu ban yi barcin kirki ba, na gaji da ɓoyewa."

Ya tura koriyar ƙofa ya fara shiga, ƙanwarsa na biye.

Shayin da Zuwaira take tsiyayawa ya cika kofi ya malale mata a ƙafa.

"Baba," in ji Balki, cikin ladabi amma ba ta sauke ido ba, "ga naku ɗan ya shiga. Sai a dakatar da shi shi ma."

"Yanzu zan fito da su!" Tsohon ya kutsa ciki a fusace, ko takalmi bai tuɓe ba.

Aka yi ta jiran a ji hayaniya, ba a ji ba. Aka kira azahar, samarin benci suka watse. Ashe Baba Nomau ne ya ɗauko Hassana a amalanke daga Gaffati ranar da ta cika a hanya, kuma tun daga ranar ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda ya kwana. Da ya fito idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ya tsaya gaban Balki yana gyara rawani ba gaira ba dalili.

"Ɗiyata... matar nan ta iya tambaya." Ya share hanci. "Ki ce wa mahaifinki muna tafe Juma'a. Husaina kuma ta zauna ta yi karatunta."

Mutari ya fito daga baya ya rakuɓe kusa da ita.

"Balkina..."

"Ka yi shakkata."

"Na yi."

"Da gaske ne ba ka barci, ko don ka rufa mata asiri ka faɗa?"

"Da na buɗe baki don ita na faɗa. Da na zauna gaban Madam sai na tarar gaskiya ce."

Ta kau da kai don kada ya ga idonta.

"Ban huce ba fa."

"Zan jira, ranki ya daɗe."

Ya kuwa jira, don sai da ta gasa shi son ranta kafin ta koma ɗaga salularsa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da yamma 'yan kai amarya suka iso da ita ƙofar ɗakinta a Zango, ana guɗa ana turare, sai ga Balki mai bakin nan ta toge a dokin ƙofa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, kuka ya ci ƙarfinta cikin lulluɓi. Gwaggonni suka yi lallashi har suka fara faɗa.

Wani hannu ya ratso cikin mayafin ya kama nata, hannu mai ɗumi, awarwaronsa ya zauna cif. Husaina ta wuce gaba ta sa ƙafar dama a ciki, ta waiwayo ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Yaya Balki, don Allah raka ni!"