La'asar Ɗin Da Kyamarar Sito Ta Daskare

Sufeto Mamduh Shalabi ya hau benen kasuwar Iskandariyya ta Masar yana jan ƙafa, ko karyawa bai yi ba. Jiya da la'asar an ɓalle kwaɗon siton magunguna na Madam Nashwa, an kwashe maganin masu ciwon ƙoda.

"Marasa lafiya na jira tun safe, Basha," in ji ta, tana kiransa da laƙabin girmamawa. "Me zan ce musu?"

Ta nuna masa abin da kyamarar sito ta ɗauka. Hoton ya daskare daidai lokacin satar.

Injiniya Hazim, mai kula da intanet ɗin benen, ya buɗe masa akwatin da wayoyin intanet na shaguna ke haɗuwa.

"Kowace waya da iyakar gudun da na yanka mata. Babu mai cin rabon wani. Kyamarar ce ta tsufa."

"Wa ke da lambar sirrin akwatin?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya sauka gidan shayin Baba Girgis da ke ƙasan benen, ya zube a kujera, ya tambaye shi abin da ya gani jiya da la'asar.

"Jiya da la'asar? Ai ƙwallo ake, Basha, nan a cike maƙil. Har Injiniya ya zo shekaranjiya yana tambaya ko duk talabijin ɗina zan kunna. Mutumin da bai san gola da alƙalin wasa ba!"

Sufeto ya ajiye kofin da bai kurɓa ba.

"Kunna su duka, Baba."

Ya koma sito, ya tsayar da Hazim gaban allon kyamara. Da talabijin suka kama a ƙasa, hoton ya fara sarƙewa, sannan ya tsaya cak.

"Ka ce kowa da rabonsa. Ka zuba intanet ɗin kyamara da na talabijin ɗin gidan shayi a akushi ɗaya, masu kallon ƙwallo suka cinye. Ba ka yanke waya ba balle a ga alama."

"Ƙila kuskure ne..."

"Injiniya, na gaji. Kar ka sa na je na birkice gidanka a gaban 'ya'yanka."

Hazim ya sauke murya.

"Maganin yana bayan motata. Wani ya ce zai saya."

"Tun jiya? Cikin wannan rana?" Madam Nashwa ta dafe ƙirji. "Maganin firji ne, Hazim! Ya riga ya lalace."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa Hazim ankwa, suka sauka da shi ta gaban layin marasa lafiya. Sufeto ya bi su a hankali, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba.