Sailuba ta Lambun Akurba

A farkon daminar 1984 Modu ya fara shiga lambun Malam Babandi da ke bakin rafi a Akurba. Malamin firamare ne shi, mahaifiyarsa ce ta aiko shi ya sayo mata dashen mangwaro saboda sabon gidansu na Azuba. Ya jingina kekensa da darni ya yi sallama, sai wata budurwa ta ɗago daga cikin alayyafo, hannayenta duk laka.

"Maraba. Ganye ko dashe?"

Modu ya tsaya kallonta har ya manta abin da ya kawo shi. Sai da ta maimaita, tana danne dariya, sannan ya ce, "Dashe... na mangwaro."

Ita ce Sailuba, 'yar Malam Babandi ɗaya tilo. Da ita da mahaifinta suke noman tumatir da attarugu da kuɓewa, suna renon dashen lemo da kashu a cikin leda, mahaifiyarta Inna Rekiya kuma tana kai kayan kasuwar Lafia. Rabin unguwa daga lambun nan suke miya.

Ba a rufa mako ba Modu ya dawo, wai akuya ta cinye dashen. Bayan kwana biyu ya sake dawowa, wai ta ƙara.

"Malam, wannan akuyar taku ba ta da igiya ne?"

"Tana da ita, Lubata. Ni ne dai na kasa zama a gida."

Sailuba ta sunkuyar da kai tana murmushi. Tun daga ranar, da an tashi makaranta sai ya biyo, ya ɗaukar mata bokiti, su yi ta hira har la'asar ta sanyaya.

Amma da manyan Modu suka je gaisuwa, Malam Babandi bai ɓoye musu ba.

"Yaronku mutumin kirki ne. Sai dai ma'aikacin gwamnati yau yana Lafia, gobe an yi masa tiransifa zuwa Jos. Bayana ya gaji. In ya tafi da Sailuba, wa zai riƙe lambun?"

A lokacin kuma akwai Ɗanmusa, mai fataucin doya daga Agyaragu, shi ma yana neman ta. Wata rana Modu ya iso ya tarar da motarsa a bakin lambu, ana sauke sabon injin ban-ruwa, Malam Babandi yana ta sa albarka. Modu ya ja birki. Ya juya kekensa bai ko yi sallama ba, bai kuma sake zuwa ba.

Sailuba ta yi ta duban hanya har ta gaji. Ranar kasuwa ta karɓi kwandon Inna ta kai da kanta, ta tsaya a hanyar da ta san yake bi.

"Me na yi maka, Modu?"

"Na ga inji. Na ɗauka magana ta ƙare."

"Baba aka kawo wa inji, ba ni ba. Na gaya wa Ɗanmusa gaskiya, shi ma ya ce ya bar wa tsoho kyauta, ya tafi abinsa. Kai kuwa ko tambayata ba ka yi ba."

Modu ya ce, "Ki yafe mini. Amma akwai wata magana. An ba ni ƙarin girma, a Jos."

Idanunta suka cika. "To ka je. Ina son ka, Allah ya sani, amma ba zan bar Baba shi kaɗai cikin ramin rijiya da ban-ruwa ba."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce, ta bar shi tsaye.

A cikin watan Agusta aka yi ruwa mai yawa, rafi ya cika ya tumbatsa, ya kwashe tumatir ya binne dashen cikin yashi. Malam Babandi yana tsaye yana kallon ɓarnar, sai ya ji ƙarar keke a bayansa. Modu ne, ya naɗe ƙafar wando, da fartanya a kafaɗa.

Bai iya aikin ba, tun ranar farko tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Amma kullum da sassafe yana nan, yana tono leda ɗaya bayan ɗaya, Sailuba tana wanke ganyen tana jerawa a tudu. Ba ya yi mata magana sai ta aiki.

Wata yamma tsohon ya kira shi gindin lemo.

"An ce ka tafi Jos."

"Ban je ba, Baba. Na roƙa a bar ni a ajina, wani ya karɓi kujerar."

"Saboda 'yata?"

"Da farko saboda ita ne. Yanzu kuma ina so in ga dashen nan ya tashi."

Malam Babandi ya kama hannunsa ya juya, ya daɗe yana duban tafin. "Je ka turo manyanka."

Sailuba, da ke bayan darni tana sauraro, ta ruga wurin Inna tana kuka tana dariya.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Matan da ke sayen ganye suka cika gidan, Mama Ngunan mai abinci a tasha ta kawo tukwanen sakwara ta ce ba za ta karɓi ko godiya ba. Da za a kai amarya, Malam Babandi ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Gobe kada in ga ɗayanku a lambu." Ya share ido da bakin riga. "Jibi dai ku zo da wuri, tumatir ya nuna."

Jama'a suka kwashe da dariya, suka ce amin. Sailuba ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, suka haɗa ido da Modu.